Tsagar Inna Uwa a Fuskar Dodo

Damaris ba ta san ɓarnar da ta yi ba sai ranar kasuwar Kanan Bakashe, lokacin da Mansura ta sha gabanta a bakin rumfar masu cajin waya, ta cusa mata wata tsohuwar waya kusa da hanci.

"Duba nan, 'yar lakkwal mai ilimin boko! Buɗe idonki da kyau. Wace ce wagga?"

Zanenta ne. Ita ta yi shi da hannunta, ita ta ɗora shi a waya don ƙawaye su gani. Sai dai an datse rubutun da ta yi a ƙasansa, an kuma jawo fuskar har ta cika gilashin.

"Mai Tsaron Rijiya ne," in ji Damaris. "Ƙirƙira ce kawai, aikin da malaminmu ya..."

"Uwata ce!" Mansura ta daka mata tsawa, har mai barkonon da ke gefe ya saki mudu ya juyo. "Uwata kinka ɗauka kinka sa ma idon mujiya, kinka ɗora mata jinjiri a baki. Mi ta yi maki? Hwaɗa mani, mi ta yi maki, in ba wanke ki da ta yi ba ran da kinka hwaɗo duniya?"

Ga yadda abin ya samo asali. Damaris ɗiyar Dabora ce, 'yar ƙaramar majami'ar da ke bayan gari. Ta gama karatu a Tasawa ta dawo gida, ba aiki sai taya uwarta roron wake da zane a duk takardar da ta samu. Daga baya ta shiga wani rukuni a waya, inda wani mai zane na Yamai, Mushe Abdulkarim (wato Malam, a bakin 'yan boko), ke koya wa matasa ƙirƙirar halittu irin waɗanda ake sawa a wasannin waya. Kowane mako yana ba su aiki, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a fara dodo da ƙaho da haƙora. Sai ka san inda yake kwana, abin da yake ci, da aikin da yake yi, sannan jikin ya biyo baya. Gaɓoɓin ma ba daga ka ake tsinto su ba, a jikin dabbobin da ke gabanka ake aro.

Damaris ta ɗauki aikin da gaske. Ta ce tata halittar a gindin tsohuwar rijiya take zaune, aikinta tare yaran da suka faɗa ciki. To mai zama a gindin rijiya dole ya riƙa kallon sama, sai ta ba ta wuyan raƙumi. Dole ta hau bango mai santsi, sai ta ba ta ƙafafun damo. Ta yayyafa mata ɗigon zabuwa a baya don ta saje da hasken da ke faɗowa daga bakin rijiyar. Wurin duhu ne, sai ta ba ta idon mujiya. Ta zana ta riƙe da jariri da hannu biyu, baki buɗe kusa da fuskarsa, tana hura masa numfashi.

Mushe Abdulkarim ya duba ya ce jikin ya yi, amma fuskar ta kowa ce, ya ga irinta har ya gaji. Ta nemo fuskar da ba a samu sai a garinsu.

Ba ta yi nisa wajen nema ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Inna Uwa, uwar Mansura, tsohuwar da ke wankan jarirai a unguwar tun kafin a haifi Damaris. 'Ya'yan masu masallaci da 'ya'yan masu majami'a duk a ƙwaryarta ɗaya aka wanke su. Damaris ta sha zama a tsakar gidanta tana koyon zanen hannu, tsohuwar na ɓarar gyaɗa tana tsokanarta: "Ke dai ki rage mani shekaru, ko na samu miji a Mayahi." A kumatun Inna Uwa akwai tsagar gidansu, uku a kowane gefe. Ta ƙarshe a hagu ta karkace ta nufi kunne, wai don ta zabura a hannun wanzami tana jaririya. Daga nan har Attantane babu mai irin wannan karkatacciyar tsaga sai ita. Damaris ta kwashe ta tsaf ta sa wa halittarta, ta haɗa da hannuwan, don a ganinta babu hannun da ya san riƙon jariri kamar wannan.

Ko ɗan da bai iya ɗaure wando ba a garin nan ya san abin da ake kiran tsohuwa mai idon mujiya da ta kai jariri baki. Damaris ma ta sani, a nan ta girma. Amma tsawon makon nan da idon Yamai take kallon takardarta, tana auna tsawon wuya da inda inuwa za ta faɗa. Da malamin ya yaba, daɗi ya kwashe ta, ta ɗora hoton kowa ya gani. Ga shi kuma a ƙarshen daminar nan zazzaɓi ya ɗauke jaririn wata matar unguwa, Asiya, wanda Inna Uwa ta yi wa wanka. Mutane na neman inda za su sauke baƙin cikinsu, sai ga hoto ya zo musu har cikin aljihu.

"Sun ce mayya ce," in ji Mansura. "Sun ce ke kinka gan ta cikin siffarta ta gaskiya, shi ya sa kinka zana. Jiya an janye yara daga ƙohwar gidanmu. Wadda ta haihu shekaranjiya ba ta aiko ba. Inna na zaune da ruwan zahi har ya huce."

Ta juya ta tafi, ta bar Damaris a tsaye ana kallonta.

Abin da ya fara zuwa wa Damaris ba kunya ba ce, fushi ne, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Wane irin mutane ne waɗannan? Matar da ta goge musu majina tun suna tsumma, ita za su yi wa wannan ƙazafin a kan takarda da fensir? Ta karɓi wayarta daga wurin caji ko cika ba ta yi ba, ta shiga kasuwa rumfa-rumfa da ainihin hoton, da rubutunsa a ƙasa.

"Ku karanta! An rubuta tana ceton yara. Ceto! Numfashi take hura mashi!"

Masu sayar da daddawa suka leƙa suka gyaɗa kai, amma ba rubutun suke kallo ba, tsagar suke kallo. Wani dattijo mai sayar da igiya ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa.

"To ɗiyata, in ba ki gani ba, ina kinka samo wanga wuya?"

"Na raƙumi ne, Baba. Ƙahwar ta damo ce, bayan na zabuwa, idon na mujiya. Ni na harhaɗa su."

Dattijon ya mayar mata da wayar da sauri, ya juya ga na kusa da shi. "Kun ji ko? Ashe ba mujiya kaɗai take rikiɗa ba."

Da ba sa'an kakanta ba ne, da ta gaya masa maganar da zai kwana yana juyawa. Ta yi tsaki ta wuce. Kafin kasuwa ta watse, bayanin nata ya riga ta isa unguwa, ya kuma yi 'ya'ya a hanya.

A gida ta goge tsagar, ta sake fuskar ta zama ta kowa, ta ɗora sabon hoton da dogon bayani. Washegari a bakin rijiya ta ji abin da ya jawo: wai tsohuwar ta tsorata yarinyar, shi ya sa ta janye. Wata ma har da tausaya mata, ta ce ta riƙa kwana da addu'a. Damaris ta dire tulunta har ya kusa tsagewa.

"Ke Zeinabou, wa ya gasa ma ɗanki cibiya? Wa ya kwana zaune ran da kinka kusa tahiya wajen haihuwa? Yanzu ke ce mai bakin cewa mayya?"

"Ni ban ce ba," in ji Zeinabou tana naɗe guga. "Ke kinka zana."

Wannan amsar ita ta fi ci mata rai, don duk inda ta je ita ake ba ta. Babu wanda ya ce, kowa ji ya yi, kuma kowa na da hoton a waya.

Ana cikin haka Mushe Abdulkarim ya aiko mata da saƙon murya, cike da fara'a. Ya ga ta canza fuskar, me ya kai ta? Ta mayar da tsagar maza, ita ce ran zanen gaba ɗaya, yana so ya sa shi a gaba cikin ayyukan ɗalibansa. Ta gaya masa abin da ke faruwa. Ya ce abin ba daɗi, amma mutanen ƙauye ne, kwana kaɗan za su manta, kada ta lalata aiki mai kyau saboda camfi.

"Mushe," in ji Damaris, bakinta dab da wayar, "kai ka koya muna mu tambayi inda dodo ke kwana da abin da shike ci. Ba ka taɓa cewa mu tambayi inda mai huskar za ta kwana ba. Ka cire shi, ban yarda kowa ya ƙara gani ba."

Ta jefa wayar kan tabarma. Ta san rabin maganar kanta take gaya wa, kuma sanin bai rage mata zafi ba.

Gidan Inna Uwa kuwa ta kasa shiga. Ta je ƙofar ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. Ta katanga take jin gidan ya yi tsit, gidan da a da ba ya rabuwa da kukan jarirai da hayaniyar masu jego. Ranar Lahadi Pasto ya yi wa'azi mai zafi a kan shaidar zur, ya ce mai bi ba ya tsoron maita kuma ba ya jifan maƙwabci da ita. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, ta Dabora ma ta fi ta kowa. Damaris ta ɗan ji sanyi, ta ce ko ba komai mutanenta suna nan.

A cikin makon Liza, matar wanta Matiyu, ta haifi ɗa namiji a asibiti aka dawo da ita gida. A al'adar gidan, kafin mai jego ta gama zama an riga an leƙa ta katanga an kira Inna Uwa. Wannan karon babu wanda ya leƙa. Da hantsi Damaris ta fito ta tarar da uwarta a durƙushe da roba, tana juya jaririn kamar mai wanke tulun aro, yaro na tsala ihu.

"Mama, ba a kira Inna Uwa ba?"

"Na iya," in ji Dabora ba ta ɗago ba.

"Ba ki iya ba. Ko mu ba ke kinka wanke mu ba."

"To yau na koya."

"Mama, ke ce kinka hi kowa amin ran Lahadi!"

Dabora ta naɗe jaririn a zane, ta miƙe tana haki. "Ni ban ce ta yi ba. Har ga Allah ban ce ba. Amma uwar Liza ta aiko daga Urafane, ta ce kada a kai mata jika can. Kuma jinjiri ba abin gwaji ba ne. In wani abu ya same shi, mi za ni ce ma Matiyu?"

"Kenan kin yarda."

"Kada ki ɗaga mani murya, Damaris. Ni na sa mata idon mujiya? Ni na watsa ta a duniya? Kin kunna wuta kin dawo kina zagin masu gudu."

Dabora ta kwantar da jaririn a kan gado ta fita zubar da ruwa. Liza na bayan ɗaki tana wankan jego. Damaris ta tsaya a kan yaron. Magana ta ƙare mata, ta yi a kasuwa, ta yi a rijiya, ta yi a waya, ba wanda ya saurara. To tunda da ido suka yarda da ƙarya, bari su ga gaskiya da ido. In aka ga jikan Dabora a hannun Inna Uwa da rana tsaka, aka ga ya kwana ya tashi lafiya, bakin kowa zai mutu. Zuciya ta ɗebe ta, ta sunkuci yaron ta fita.

Ba ta bi ta ƙaramar ƙofar baya ba. Ta gaban gida ta bi, ta tsakiyar hanya, don a gani. Aka kuwa gani. Jaririn da bai yi suna ba a waje! Dabora ta biyo ta da gudu ba ko ɗankwali tana kiran sunanta, matan unguwa suka saki taɓare suka biyo Dabora. Kafin Damaris ta kai tsakar gidan Inna Uwa, ƙofar ta cika da kawuna, amma ba wadda ta tsallako ciki.

Tsohuwar na zaune a gindin dogon yaro, ta rame. Tukunyar da take dafa ruwan wanka na kife a kan murhu. Ƙwaryar wankan jariran na gefe a ƙasa, kaji na shan ruwa a ciki. Mansura ta fito daga ɗaki ta tsaya, ta harɗe hannu.

"Inna," in ji Damaris da ƙarfi don na ƙofa su ji, "ga ɗan Yaya Matiyu. Na kawo maki shi ki yi mashi wanka, yadda kinka yi ma ubanshi, yadda kinka yi mani."

Inna Uwa ta miƙe. Hannuwanta suka taho da kansu, tafin dama a buɗe inda kai zai kwanta, na hagu a ƙasa, daidai yadda Damaris ta zana su. Saura kaɗan su taɓa zanen da aka naɗe yaron sai suka tsaya. Tsohuwar ta dubi ƙofa, ta dubi Damaris, ta janye hannuwan ta kai su bayanta.

"Uwar ɗan ta san kin hito da shi?"

Damaris ta ƙara miƙo mata yaron.

"Ba ta sani ba," in ji Inna Uwa. Ba ta ɗaga murya ba, amma Damaris ba ta taɓa jin ta da irin wannan fushin ba. "Kin ɗauki huskata ba ki tambaye ni ba. Yau kin ɗauko ɗan mutane kin kawo mani, nan ma ba ki tambaye ni ba. Ke dai in abu ya yi maki kyau a ido, shi ke nan."

"Inna, so nike su gani..."

"Su ga mi? Jinjiri ne, ɗiyata. Jinjiri shina zazzaɓi, shina amai, wani Allah ya bar shi, wani ya karɓi abinshi. Tun ina budurwa nike ganin haka. In na taɓa wanga yau, gobe ya yi atishawa, wa za a ce? Ke za ki koma ga takardunki. Ni da Mansura za a kora da duwatsu."

Yaron ya motsa ya fara ƙananan kuka. Kafaɗun tsohuwar suka yi kamar za su saki, ta ƙara damƙe hannuwan a baya. Ta ɗan sunkuya daga inda take ta leƙa cikin zanen.

"Ki ce ma Dabora tsumman gashin cibiya ya yi zahi, ta ƙona shi a gehe. Ta riƙa gwadawa a kumatunta tukuna. Ruhe mashi kai, rana ta yi. Mai da shi."

Damaris ta ja zanen ta rufe kan yaron. Idonta ya cika, ta rasa wa za ta zaga. A daidai nan ne wata murya ta fito daga ƙofa, can baya, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji:

"Kun ga ta ƙi taɓa shi ko? Ta san ana kallo."

Damaris ta juya kamar za ta ci mutum ɗanye. "Wace ce? Wace ce ta hwaɗa? Ta hito!" Matan suka sunkuyar da kai, kowace na gyara ɗaurin zane. Dabora na cikinsu, hannu a baki.

Inna Uwa ta ji. Ta juya ta nufi ɗaki. A nan Damaris ta ga hannuwan a baya, na dama ya riƙe na hagu a wuyan hannu, kamar yadda ake riƙe akuyar da ke son kufcewa. A bakin ƙofar ɗakin tsohuwar ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Mansura, ɗauko ƙwaryar nan ki ɗauraye ki ba su. Robar da suke wanke shi a ciki santsi gare ta, za su yar da ɗan mutane. Ni na gama."

Ta shiga ta saki labule.

Mansura ta kori kajin, ta ɗauraye ƙwaryar, ta zo ta ajiye ta a gaban ƙafar Damaris ba ta dube ta ba. Tsohuwar ƙwarya ce mai ɗinki a baki, ta yi baƙi da sulɓi saboda hannu. Yawancin matan da ke tsaye a ƙofar nan an wanke su a cikinta, ko an wanke 'ya'yansu. Hannun Damaris biyu na riƙe da jariri, ba ta da na ɗauka. Ta dubi uwarta, ta dubi Zeinabou, ta bi sauran da ido ɗaya bayan ɗaya tana jira. Babu wadda ta shigo ta sunkuya.